Da gaske ba a iya satar makullin da aka aika ta haske?

Tambaya: Malam, na ji wai akwai fasahar kwantum da ake aika sirri ta cikin haske, babu ɗan kutsen da zai iya fasa ta. Gaskiya ne ko talla ce kawai?

Amsa: Toh ɗan'uwa, akwai gaskiya a ciki amma an ɗan ƙara mata gishiri. Abin da ke bin hasken makulli ne, wato jerin sifili da ɗaya da za a kulle saƙon da shi, shi kuwa saƙon, ta intanet ɗin da muka saba zai bi.

Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka fito da dabarar a 1984, shi ya sa ake ce mata BB84. Mai aikawa yana harba ƙwayoyin haske, foton, ɗaya bayan ɗaya cikin wayar faiba, wata a tsaye wata a kwance wata a karkace, mai karɓa bai san da wane ma'auni aka shirya kowace ba, na tsaye da kwance ko na karkace, sai ya yi ta canka, daga baya su yi magana a fili su zubar da waɗanda ma'auninsu bai zo ɗaya ba, kusan rabi kenan. Abin da ke burge ni har gobe shi ne ƙwayar nan ba ta kwafuwa, kuma duk wanda ya auna ta da ma'aunin da ba nata ba, to ya ɓata ta. Mai laɓe in ya tare kowace ya auna ya sake turawa, wajen kashi 25 cikin 100 zai fito kuskure, su kuma mai aikawa da mai karɓa da sun ga kuskure ya haura kashi 11 sai su watsar da makullin tun ba a kulle komai da shi ba.

Ana amfani da ita fa. A 2007 an tsare sakamakon zaɓe da ita a birnin Janiba na Suwizalan, Sin kuma ta harba tauraron ɗan adam mai suna Micius a 2016, a 2017 aka yi kiran bidiyo tsakanin Beijin da Biyana ta Austriya da makullinsa.

Matsalar ita ce nisa. Bayan kilomita 100 a faiba kashi 1 cikin 100 na hasken kaɗai ke isa, kuma ba halin ƙara masa ƙarfi tunda ba ya kwafuwa, shi ya sa layin Beijin zuwa Shanghai mai kilomita 2,000 yake da tashoshi 32 inda makullin ke sauka a sake ɗora shi, dole ka yarda da masu gadin kowace tasha. Ga kuma na'urar kanta, a 2010 masu bincike a Norwe sun dallare idon na'urorin karɓa da ake sayarwa da haske mai ƙarfi, suka nuna ana iya ɗauke makullin ba a ga alama ba.

Kai da ke tura kuɗi ta waya, wadda za ta fara iso maka ita ce sabuwar hanyar kulle saƙo ta lissafi mai jure kwamfutar kwantum (sabuwar irin kwamfutar da ake fargabar za ta iya fasa makullan yanzu), wadda hukumar NIST ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta a Agustan 2024, don ita ba ta buƙatar a ja sabuwar wayar faiba, sabunta manhaja ya isa.