Awo ɗaya, hanta biyu

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa marasa lafiya biyu masu ciwon naman gwari na Asfajilus a huhu, kowanne na shan borikonazol miligiram 200 sau biyu a rana, ɗaya ya fara ganin abin da babu, ɗayan kuwa kamar ruwa yake sha. Har ka ce ko maganin jabu ne. Ɗana, bar kwalin nan, hanta za ka tuhuma.

A cikin hanta akwai wani sinadari, CYP2C19, shi ne babban mai narkar da wannan magani. Ƙarfinsa gado ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Sinadarin nau'i-nau'i ne, kowanne da lambarsa. Wanda ya gaji nau'in *2 ko *3 ta ɓangarorin biyu, nasa ba ya aiki, sai maganin ya taru a jini har wajen ninki huɗu na sauran mutane. Daga nan sai gane-gane, ruɗewa da taɓuwar hanta. Irin waɗannan sun kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a mutanen Asiya, a Turawa da baƙar fata kuwa kashi 3 zuwa 5 ne. Kada dai ka kalli fuskar mutum ka yanke masa awo, kowace al'umma akwai kowane iri.

Ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya gaji nau'in *17, mai saurin narkarwa. Hantarsa ƙone maganin take yi kafin ya yi aiki. Shi ba ya kuka da komai, ba jiri, ba gane-gane, kowa ya ɗauka lafiya lau, alhali naman gwarin na ta cin huhu a ɓoye. Na farkon aƙalla jikinsa ya yi ƙara.

Shi ya sa bayan kamar kwana 5 ake ɗibar jini dab da shan awo na gaba. Abin da ake nema miligiram 1 zuwa 5.5 ne na maganin a kowace litar jini. In ya gaza, kada ka ba da shawarar a ninka kai tsaye, don wannan magani ba ya bin lissafi: ƙari kaɗan sai ya yi tsalle a jini. In gwajin gado ya nuna mai saurin narkarwa ne, gara ka faɗa wa likita a koma wani maganin naman gwarin, kamar posakonazol, isabukonazol ko amfoterisin B.

Kuma kafin ka ɗora wa gado laifi, duba sauran magungunan da ke takardarsa. Rifamfisin na tarin fuka yana kusan share borikonazol daga jini, ba a haɗa su sam. Kumburi mai tsanani yana rage wa hanta gudu, yara ƙanana kuma sun fi manya saurin narkarwa.

Fulukonazol, wanda shi ma maganin naman gwari ne, ba ya cikin wannan rigima sosai, yawancinsa ta fitsari yake fita. A kansa, gwajin ƙoda za ka tambaya.