Kafin ka biya kuɗin tikiti, duba hutun mutanen

Tambaya: Malam, ejan ya samo min tikitin Guangzhou ta ƙasar Sin na farkon Fabrairu da rangwame. Kayan babur da fitilun sola zan saro. In biya? (Alhaji, Gumel)

Amsa: Alhaji, dakata. Sabuwar shekarar Sin tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ranarta na sauyawa don da wata suke lissafi. Hutun gwamnati kusan mako guda ne, amma ma'aikata ƙauyukansu suke tafiya, masana'antu da dama sai su yi mako biyu ko uku a garƙame. Otal za ka zauna kana cinye dalar da ka sayo da tsada a Wapa.

Abin da ya fi ci min rai kuwa, masu tura kuɗi a Janairu wai a haɗa musu kaya kafin a rufe. Mutum ya sayar da riɗinsa, ya kai shanu biyu Maigatari, ya haɗa da jarin 'yan'uwa, ya danƙa wa ejan da bai taɓa gani ba. Kayan gaggawa ake ɗura masa, batir mara ƙarko, fitilar da ba ta kai damina. In ya kira, waya a kashe, ana biki. Wa zai kama? Ka bari sai Maris. Ka kuma kauce wa 1 zuwa 7 ga Oktoba, shi ma hutu ne.

Tambaya: Zan kai mahaifiyata asibiti a Masar, ga Sallah ta matso. Hankalina ya tashi. (Hajiya, Bichi)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki. Sashen gaggawa ba ya rufewa, ganin babban likita ne kan jira bayan Sallah. Ki karɓi ranar ganinsa a rubuce kafin ki sayi tikiti. Juma'a da Asabar ne hutunsu, kuma ofishin jakadancinsu a Abuja yana hutun ƙasarsu da na tamu. Ki tafi da maganinta da zai wuce kwanakin da kika ƙiyasta.

Tambaya: Ana rufe kasuwa a Dubai ranar 1 ga Oktoba? (Matashi, Ringim)

Amsa: Haba ɗana, ina ruwan Dubai da 'yancin Najeriya? Tasu ranar 2 ga Disamba ce. Tun Janairun 2022 ofisoshin gwamnatinsu Asabar da Lahadi suke hutu, Juma'a rabin yini.