Gwiwar da ta kumbura da shirin tahowa Ingila

Ƙanena, na ga saƙonka da hoton gwiwar. Ka ce likita ya gaya maka 'yar jakar ruwan da ke kan ƙoƙon gwiwa ce ta kumbura, kuma kana fargabar abin zai hana ka biza, ko ya hana ka neman na kashewa in ka iso karatu. Ta fannin biza dai kwantar da hankalinka. Gwajin da ake yi wa ɗan Najeriya mai zaman da ya wuce wata 6 na tarin fuka ne, babu mai cewa ka naɗe ƙafar wando.

Ciwon nan a jikina na san shi. Shekarata ta biyu a Manchesta ina aikin shimfiɗa kafet, a durƙushe nake wuni. Wata safiya na tashi da ƙululu kamar ƙwan kaza a gwiwar dama, in ka danna ka ji shi luɓus. Tafiya ba ta gagare ni ba, amma da na kai gwiwa ƙasa a sujada sai na ji abin har ƙwaƙwalwa. Jakar nan kamar gammo take tsakanin fata da ƙashi, in durƙuso ya matsa mata sai ta tara ruwa. Turawa ma "gwiwar 'yar aiki" suke kiran ciwon, don masu goge daɓe ya fi kamawa. Kai da kake ɗaura tayil kuwa, ai ba sai an yi maka duba ba.

Babban maganin shi ne ka bar durƙuso, ko da maigidanka zai ɓata rai. Sallah ma ka yi a kan kujera har ta sabe, addini ya ba mara lafiya wannan sauƙin. Ka samo fiya wata da ya daskare, ka naɗe shi a tawul, ka ɗora minti 10, ka sake bayan 'yan awanni. In za ka kwanta, ka tara filo ka ɗora ƙafar. Ibuprofen yana rage zogi da kumburi, amma sai ka ci abinci tukuna, in kuma kana da olsa ka tsaya ga farasitamol. Murza wurin da man zafi ƙara fusata shi yake yi. Ni sai da na yi kusan mako uku kafin ta koma daidai.

Na san Inna za ta ce a kira wanzami ya yi sakiya. Don Allah kada ka yarda. Huda wurin ƙofa ce ga ƙwayar cuta, ruwan banza ya koma mugunya. In ka ga wurin ya ɗau zafi rau, fatar tana sheƙi, ga zazzaɓi da rawar ɗari, ranar za ka koma asibiti. A nan ne likita kan zuƙi ruwan da sirinji a gwada, ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haka in mako biyu ya wuce babu sauƙi.

Ka warkar da ita tun kana gida. Gaskiya ne ɗalibi yana biyan fam 776 na kiwon lafiya a kowace shekara tare da kuɗin biza, ganin likita kuma kyauta ne bayan ka yi rajista da likitan unguwa, amma ciwon da ba na gaggawa ba sai ka jira layi. Kowane magani da aka rubuta maka fam 9.90 ne a Ingila.

Awa 20 aka yarje maka ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma abin da sabon zuwa ya fi samu shi ne shara da goge-goge ko jera kaya a kanti, duk da durƙuso a ciki. Matashin gwiwa irin na masu gini za ka fara saya kafin rigar sanyi ta biyu. Nawa suna nan a bayan ƙofa, in ka iso ka ɗauka. Ka gaida Inna.