Yaushe ya kamata in sauya giya a Golf GTI da aka ƙara wa wuta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Oga. Ina da Golf 5 GTI manuwal mai giya shida, a Jos nake zaune. An taɓa mata birenbos, wato kwamfutar injin, a Abuja an ƙara mata wuta, an kuma canja salansa. Abokaina suna cewa sai allurar juyin inji (rpm) ta taɓa ja ake sauya giya, makanikena kuma ya ce da ta kai 1,500 in wuce gaba saboda mai da lafiyar turbo. Maganarsa nake bi, amma yanzu in ina hawa a lamba biyar ko shida na taka totur sai motar ta kama karkarwa, wani lokaci har da ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wallahi tsoro nake ji kar injin ya yi nokin, ko kuɗin motar ban gama biya ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoronka yana kan hanya, wannan ƙarar ba ta wasa ba ce. Daga yau in allura tana ƙasa da 2,500 kada ka sake danne totur a lamba biyar ko shida, sauko lamba huɗu ko uku tukuna sannan ka ba ta wuta.

Abokanka sun yi kuskure amma nasu mai sauƙi ne, bari in sallame su da wuri. Injin 2.0 TFSI na motarka daga kamfani doki 200 yake bayarwa tsakanin 5,100 da 6,000, kuma turbo ɗin K03 da ke jikinsa ƙarami ne, yana kamawa da wuri amma can sama numfashinsa ƙarewa yake. Ƙarin wutar da aka yi maka yawancinsa a tsakiya ya zauna, wajen 2,500 zuwa 5,000. To in gudu kake nema, lamba ɗaya da biyu kana iya kai su 6,200 don tazararsu da ta gaba tana da yawa, daga lamba uku kuwa ka sauya wajen 5,800 zuwa 6,000. Misali ka bar lamba biyu a 6,000, lamba uku za ta karɓe ka a kusan 4,200, daidai inda turbo yake cike. Wuce nan ihu ne kawai da zafi. A cikin gari kuwa, Terminus zuwa Bukuru, ƙafa sama-sama, ka sauya tsakanin 2,500 da 3,000 shi ke nan. Da safe ka bari baƙin mai ya yi zafi kafin ka wuce 3,000.

Yanzu makanikenka. Wannan magana ta "sa mata babbar giya da wuri ka ajiye mai" ita ce take cika mana gareji da injina a kwance, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya zama malamin tattali, kullum sai na yi musu a kanta har bakina ya gaji. Dabara ce ta tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto, an ɗauko ta an ɗora wa motar da ba ta san ta ba. Ita 504 in ka danne ta a 1,500 karkarwa za ta yi ta ƙi tafiya, ka sauko giya dole. Motarka kuwa ba za ta ƙi ba, don turbo zai fara cusa iska, birenbos da aka taɓa yana neman matsin da ya fi na kamfani, fistin yana tafiya a hankali ga zafi ga matsi, sai man ya samu lokacin kamawa da kansa. Wani lokaci bayan filogi ya kunna ne ragowar man yake fashewa, shi ne ƙarar da kake ji, na'urar jin wannan ƙarar da ke jikin bulok tana iya sa birenbos ya ja da wutar filogi baya ya rage shi. Wanda ya fi muni shi ne wanda yake kamawa tun kafin filogi ya ba da wuta, fistin yana kan hawa fashewa ta tare shi, kuma wannan birenbos ba shi da yadda zai yi da shi tunda ba shi ya kunna ba. Injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda irin naka su ne suka fi fama da shi, har sai da aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da SP a 2020 saboda shi. Na sha ciro fistin da gefensa ya ɓalle tsakanin ringi na farko da na biyu, filogi kuma farin kansa ya tsage, mai motar yana rantsuwa bai taɓa wuce gudun kilomita 100 ba. Gaskiya yake faɗa, ba gudu ne ya kashe ta ba.

Ga kuma abin da masu ɗora wa birenbos fayil ɗin ƙarin wuta da laftof ba sa gaya muku. Yawancin fayilolin nan daga Turai aka kwafo su, an rubuta su don fetur mai oktan (ma'aunin juriyar mai ga matsi kafin ya kama da kansa) 95 ko 98, namu na gidan mai kuwa wajen 91 ne, in ma ba a gauraya shi ba. Mutum bai da dayino, wato na'urar auna ƙarfin inji, bai ɗauki bayanan aikin injin (log) ko sau ɗaya ba, ya karɓi kuɗinka ya ce ka taka ka ji. Sannan Jos tana sama da mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba, iskar nan ta fi sirara, don haka turbo sai ya ƙara juyi kafin ya kawo matsin da aka rubuta masa kuma iskar da yake turawa ta fi zafi. Motar da ta yi lafiya a Airport Road ta Abuja tana iya yin kuka a Hawan Kibo. Shi wannan hawan, lamba uku ko huɗu, allura tsakanin 3,000 da 4,000, a gangara ma ka bar ta cikin giya, kada ka kuskura ka sa firi wai tattalin mai, ai in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa injin yanke man yake gaba ɗaya.

Man da ake cewa ana ajiyewa ma a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne da ƙafa sama-sama, nan kam lamba shida a 2,000 ba laifi. Laifin babbar giya da nauyin ƙafa tare ne. Kuma kulocin kamfani an yi shi ne don ƙarfin juyi 280 Nm, naka yanzu ya haura haka sosai, karkarwar nan fulawil, faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, shi ne yake shan duka.

Cikin satin nan ka kai ta a ciro filogi huɗun a duba, a gwada kompireshan na kowace silinda, a sa kwamfuta a ga digiri nawa birenbos yake ja da wuta baya lokacin da kake hawa. In yana ja da yawa, a mayar da fayil ɗin kamfani ko a rubuta wanda ya dace da manmu. Ka lura kuma a lamba huɗu wajen 3,000, in allura ta yi tsalle gudu bai ƙaru ba, kuloci ya fara zamewa, a haɗa da shi cikin lissafin.