Rubutun da ake iya karantawa daga tsallaken titi

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina yi wa mutane dizain a waya da PixelLab, wani tela ya ce in yi masa bana wadda za a iya karantawa daga tsallaken titi, sai abokina ya ce in nemi slab serif. Wane iri ne, kuma a ina zan samu?

Amsa: Abokin naka ya san aiki. Slab serif wani irin font ne, wato salon rubutu. Ka buɗe font ɗin Times New Roman ka dubi harafin H ko T, za ka ga wasu 'yan ƙafafu sirara a ƙarshen kowane layi, to a slab serif ƙafafun nan masu kauri ne a yanke kamar bulo, wani lokaci kaurinsu ɗaya da jikin harafin. Amfaninsu kuwa, idan mutum na nesa siraran layuka ne ke fara ɓace masa, balle rana ta ci banar ko ƙura ta hau kanta, shi ko wannan duk jikinsa a cike yake.

Dama don talla aka yi shi tun asali. Vincent Figgins ne ya fito da shi a Landan wajen 1815, lokacin da masu buga fosta ke neman rubutun da zai tsayar da mai wucewa. Clarendon ya biyo a 1845, Rockwell na kamfanin Monotype a 1934, shi wannan idan kana da Microsoft Office a kwamfuta wataƙila ma yana ciki. Courier na tafireta shi ma ɗan gidan ne amma kar ka sa shi a bana, ya yi siriri da yawa.

Ka shiga shafin Google Fonts a intanet ka sauke Roboto Slab ko Zilla Slab, idan kana so mai kauri sosai Alfa Slab One, duk kyauta ne. A zif za su sauko, ka buɗe ka ciro fayil ɗin ttf sannan ka shigar da shi PixelLab.

Amma don Allah kafin ka kai wurin firintin ka rubuta ƙofa, ɗinki, ɓawo ka zuba musu ido. Ba kowane font ke da haruffanmu masu lanƙwasa ba, idan babu sai manhajar ta aro daga wani font ko ta nuna akwati, kuma a rubutu mai kauri abin yana fitowa fili sosai, ka ga ɗ guda siririya a tsakiyar haruffa masu kauri. Allon tela ne fa, kalmar ɗinki ita ce gaba ɗaya tallar. Gwada manya da ƙanana duka, idan ya gaza ka canza wani.

Sunan shagon kawai za ka yi da slab serif ɗin, ka ɗan ba haruffan tazara don ƙafafun kar su manne da juna. Lambar waya da adireshi ka sa su da rubutu mara ƙafafu irin Roboto ko Arial.