Tsohuwar laftof ta tsaya a "Kernel panic", a goge ta ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da laftof ta gwanjo mai Core 2 Duo da RAM giga 2, na sa mata Linux. Tun da na sabunta ta, da na kunna sai allo ya cika da rubutu, ta tsaya cak, fitilar Caps Lock na ta ƙiftawa. Wani mai gyara a kasuwar Terminus ya ce a goge komai a sake lodi. In yarda? Daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda tukuna. Ƙiftawar nan alama ce cewa kanel, wato jigon da ke haɗa manhajoji da kayan cikin na'ura, ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa ya tsaya, shi ake kira "Kernel panic". Dalilin yana cikin rubutun da ya bari. Ɗauki hotonsa da waya.

Sai ka kunna ta sau uku ko huɗu kana kwatanta hotunan. Wannan shi ne gwajin da na fi amincewa da shi. In kullum a layi ɗaya take tsayawa, yawanci matsalar ta manhaja ce. In yau nan gobe can, zargi RAM. Ƙurar hunturun Jos ba ta raga wa tsohuwar na'ura, don haka cire RAM ɗin, goge bakinsa, mayar da shi, ka bar Memtest86+, manhajar gwada RAM, ya gama aƙalla zagaye ɗaya. Kuskure ko guda ne ya isa hujja. A nan ko sau goma aka sake lodi, kuɗinka ne kawai zai tafi.

Amma tunda bayan sabuntawa abin ya fara, sabon kanel na fi zargi. Riƙe Shift lokacin kunnawa har GRUB, jerin zaɓin da ke zuwa kafin Linux ta tashi, ya fito, shiga "Advanced options", zaɓi kanel na baya. Yawanci yana nan, ba a goge shi. In ta tashi, duba hotonka. "Unable to mount root fs" kan nufin fayil ɗin initramfs, wanda kanel ke buƙata wajen tashi, bai ginu daidai ba, sau da yawa saboda /boot, inda ake ajiye kanel, ya cika. Rage tsofaffin kanel, ban da wanda kake kai, ka sake gina fayil ɗin da update-initramfs in Debian ko Ubuntu ce.

In kanel na bayan ma ya ƙi, danna e a GRUB, goge "quiet splash" don ka ga komai, rubuta nomodeset a gurbinsa, danna F10. Shi nomodeset na matsalar katin hoto ne. Bai yi ba, gwada noapic, sannan acpi=off, ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Shi acpi=off na bincike ne kawai, domin yakan hana ta nuna cajin batir ko kashe kanta. In da shi kaɗai take tashi, mai yiwuwa tsohon BIOS, manhajar da ke fara tayar da na'ura, ne ke rigima da sabon kanel, sai ka nemi sabuntawar BIOS ta samfurin laftof ɗinka.