Wane ne mai gabatar da jaz a Muryar Amurka a wancan zamanin?

Ka tambayi sunan mutumin da ke sa kiɗan jaz da hira da makaɗa a gajeren zango a shekarun 1950, da kuma ko ana samun faifan hirarrakin yanzu. Willis Conover kake nufi. Ya fara shirinsa a Muryar Amurka a watan Janairun 1955, bai kuma bari ba har rasuwarsa a 1996. Kiɗan buɗe shirin shi ne "Take the A Train" na ƙungiyar makaɗin jaz Duke Ellington.

Abin mamaki, a lokacin a gida Amurka kusan ba wanda ya san shi, domin wata doka ta 1948 ta hana a watsa shirye-shiryen tashar a cikin ƙasar. Masu sauraronsa suna can Gabashin Turai da Tarayyar Sobiyet, inda hukuma ke yi wa jaz kallon kayan jari-hujja. Da ya je Foland a 1959, tarba ta girma aka yi masa. Yana magana a hankali, kalma bayan kalma, saboda masu ƙarancin Turanci su fahimta, kuma a ganina wannan ya jawo masa jama'a fiye da komai.

Ya yi hira da manyan makaɗa da mawaƙan jaz irin su Louis Armstrong, Billie Holiday da Ellington kansa. Faya-fayansa suna ajiye a Jami'ar Arewacin Tekzas, an kuma ɗora da yawa a intanet kyauta. Ka fara da hirar Armstrong, ta fi daɗin ji.